Kwalejin fasaha kafin shagon oga: me yaro mai son kafinta zai samu, me kuma zai rasa?

Tun watan Mayun 2025 da ma'aikatar ilimi ta tarayya a ƙarƙashin minista Tunji Alausa ta ƙaddamar da sabon shirin nan na koyon sana'a da ake ce ma TVET, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke ta yawo a bakin iyaye da matasa, musamman masu sha'awar harkar katako. Wani ya ce wai in yaro ya yi kos ɗin wata shida shikenan ya zama kafinta ko sai ya sake zuwa wajen oga? Wani ya ce toh meye amfanin shekara uku a kwaleji tunda ga kafintan bakin layinmu nan bai taɓa zama a aji ba amma shi ya rufe rabin gidajen unguwar. Ga kuma maganar alawus wadda ita ta fi jan hankali har wasu suka manta da sana'ar kanta. Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne: karatun share fage a makaranta, zaman koyo a hannun gwani, da kuma takardar shaida.

Wane kafintan ma ake nufi?

Mu a Hausa duk wanda ya riƙe zarto da hama kafinta ne, amma a manhajar makaranta an raba aikin gida biyu duk da ana koyar da su tare a kos ɗaya. Akwai kafintan gini, shi ne na sait, wato wurin da ake gini, mai ɗora rufi, mai kafa katakon linta da na dakin kafin a zuba kankare, mai buga silin. Akwai kuma wanda Bature ke ce ma joyina, wato kafintan benci, shi aikinsa a cikin shago yake, ƙofa da taga da firam da matakalar bene da kanta, aikin da ya dogara da haɗa katako da katako ta hanyar fafe rami a ɗaya a fiƙe harshe a ɗayan su shige juna cif ba sai ƙusa ta riƙe su ba. Mai yin gado da wadirof da kujerun amare kuwa a takarda kos ɗinsa daban ne, na kayan ɗaki. Wannan rabon yana da muhimmanci dan sau da yawa yaro zai cike fom yana hango shagon kayan ɗaki irin na kan titi mai gilashi, sai ya tsinci kansa a ajin lissafin rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufi.

Shi kuma masassaƙi mai turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, da gizagonsa, wannan tsohuwar sana'a ce ta gado wadda ta riga kafinta zuwa ƙasar Hausa nesa ba kusa ba, kuma ba ta cikin wannan lissafin.

Share fage daban, koyo daban, takarda daban

Karatun share fage shi ne wanda ake yi a kwaleji kafin mutum ya shiga hannun maigida. Manufarsa ba wai a fitar da gwani ba ce, a fitar da yaron da in ya je shago ko sait ba zai zama kaya ba: ya san sunan kayan aiki, ya iya karanta tef, ya iya wasa kurfi da saita filen, ya san inda ba a sa hannu a jikin inji, ya iya duba zanen gini ya gane me ake nufi.

Koyo kuwa shi ne zaman shekaru a ƙarƙashin oga ana aikin gaske na mutane wanda in an ɓata sai an biya. Mutane da yawa ba su san cewa dokar ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a kan wannan ba, ta ce yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba iyayensa ko waliyyinsa ne za su sa shi koyo da yardarsa kuma a rubuce, wanda ya kai 16 yana iya sa kansa, wa'adin kada ya wuce shekara biyar, kuma jami'in ƙwadago ya shaida yarjejeniyar. A aikace dai kowa ya san yadda ake yi, uba ya kama hannun yaro ya kai shi shago ya ce “ga ɗanka nan, amana”, a yi addu'a a watse.

Takarda ita ce ta uku kuma kala-kala ce. Wanda ya yi shekara uku a kwalejin fasaha bayan JSS3 yana zana jarabawar NABTEB, hukumar jarabawar sana'o'i ta ƙasa, ya samu takardar shaidar fasaha ta NTC, akwai kuma ta gaba da ita ANTC. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da nata tsohon gwajin sana'a, tired tes (trade test), mai mataki uku, ana farawa daga giredi 3 a hau zuwa 1. Sai kuma shaidar ƙwarewa ta NSQ da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke kula da ita, wadda ake auna mutum da abin da hannunsa ya iya yi a gaban mai tantancewa, har ma tana da ƙofar da tsohon kafinta da bai yi boko ba zai iya bi a gwada shi a ba shi shaida a kan abin da ya riga ya iya. Kaga kenan mutum zai iya samun takarda bai yi koyo ba, zai iya yin koyo shekara bakwai ba shi da ko fallen takarda.

Yadda abin yake a ƙasashen da suka tsara shi

Shi wannan tsari na fara shiga kwaleji kafin a nemi maigida ya fi ƙarfi a ƙasashe irin su Ostireliya da Kanada da Birtaniya. A Ostireliya kwalejojin sana'a da ake kira TAFE suna yin kos na wasu watanni mai shaidar mataki na biyu, yaro ya gama sai ya ɗauki takardar ya je neman kamfani ko ɗan kwangilar da zai ɗauke shi koyo, shi kuma koyon kafinta kusan shekara huɗu ne ana biyansa albashi yana komawa kwaleji lokaci-lokaci har ya samu shaidar mataki na uku, wadda ita ce ta cikakken kafinta. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kos ɗin farkon mai sauƙi ne, maigidan da zai biya albashi daga ranar farko ba ya son ɗaukar wanda bai san hagu da dama ba, kuma yara da yawa suna gudu a shekarar farko in sun ga wahalar aikin, toh gara su ɗanɗana a makaranta tukuna.

A jihar Bavariya ta Jamus abin ya fi haka tsari, mai son zama kafintan rufi ko na benci shekararsa ta farko gaba ɗaya a makaranta yake yinta, kuma ana lissafa masa ita a cikin shekaru ukun koyon, wato in ya je wajen maigida saura biyu. A riƙe wannan batun na lissafawa dan za mu dawo kansa. A Ingila kuma tun 2017 manyan kamfanonin da albashin da suke biya a shekara ya haura fam miliyan 3 suna biyan harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari domin ɗaukar nauyin masu koyo. Duk inda ka duba a cikinsu, kwalejin ƙofar shiga ce kawai, akwai wanda ke jiran yaron a ɗaya ɓangaren.

Yadda muka zo inda muke

Kafinta a arewa sana'a ce da ta zo tare da kwano da ƙusa da zarto, sunan ma aro ne. Kafin nan rufin soro aikin magina ne da azara. Makarantar da Baturen nan Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu har da aikin katako, daga baya ma'aikatar ayyuka da ta jirgin ƙasa suka riƙa horar da nasu kafintocin, wasu kuma suka koya a hannun 'yan kudu a Sabon Gari. Wannan ne ya sa kafinta ba ta zama sana'ar gado mai sarauta da shinge kamar ƙira ko rini ba, ɗan kowa zai iya shiga.

Cibiyar fasaha ta Kaduna da aka buɗe a 1956 ita ta zama Kaduna Polytechnic a 1968. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, hukumar NBTE a 1977 da hedikwata a Kaduna. A wancan zamanin jarabawar City and Guilds ta Landan ake zanawa, kuma mai ita yana da daraja a ma'aikata. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 niyyar ita ce duk yaron ƙaramar sakandare ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki, aka shigo da injuna daga waje, amma a makarantu da dama suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta babu malamin da ya iya tada su, darasin fasahar da ake ce ma intro tek ya koma na zana hoton zarto a allo. A 1992 aka kafa NABTEB ta karɓi shirya jarabawar. Hukumar samar da aikin yi ta NDE ita ma tun ƙarshen shekarun 1980 take da shirin tura matasa wajen masu sana'a su koya. Kenan tunanin ba sabo ba ne.

Abin da ya kashe kasuwar kwalejojin fasaha a idon iyaye shi ne yadda aikin gwamnati ya fifita digiri a kan komai, sai makarantar fasaha ta zama wurin da ake tura yaron da ake ganin ba ya ja. Har kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya irin na Kafanchan da Dayi da Zuru, ɗalibai da yawa ɓangaren kimiyyar suka riƙa rububi dan su samu su wuce jami'a, wokshof ɗin katako kuwa sai 'yan tsiraru.

Me sabon tsarin ya ƙunsa?

Hanya uku aka shimfiɗa. Akwai ta kwalejin fasaha mai shekara uku ga wanda ya gama JSS3, akwai ta shekara ɗaya, akwai ta wata shida a cibiyoyin koyon sana'a da aka tantance. Gwamnati ta ce karatun kyauta ne, kashi 80 cikin 100 aikin hannu 20 aji, akwai alawus duk wata, akwai alkawarin kayan fara aiki in an gama. An kuma mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya zuwa na fasaha zalla, sannan a Satumban 2025 aka fitar da jerin sana'o'i 26 da za a riƙa koyarwa, aikin katako da kafinta na ciki a matsayin sana'a guda, kayan ɗaki da ɗinkin kushin kuma wata daban. Ba kowace kwaleji ce za ta koyar da duka ba, dan haka kafin a cike fom sai an tabbatar makarantar da aka zaɓa tana da sashen katakon ma tukuna.

Batun alawus kuwa lamba biyu ce ta yi yawo, naira 45,000 da aka ruwaito daga bakin shugaban NBTE Farfesa Idris Bugaje game da ɗaliban kwalejojin fasaha, da kuma naira 22,500 da aka riƙa ambata a shirin bayan ƙaddamarwa, shi ya sa zaka ji mutum biyu suna musu kowa da gaskiyarsa. Ko wacce aka ɗauka dai ba ta kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, kuɗin mota ne da abinci, ba abin riƙe gida ba.

Abin da aji ke bayarwa

A ce ɗaki ne mai faɗin ƙafa 24 za a yi ma rufi mai tuƙa biyu, ana son tsakiyar ta tashi ƙafa 5. Yaron da ya zauna a aji zai raba faɗin biyu ya samu 12, ya haɗa da tashin 5, lissafi ya ba shi tsawon rafta ƙafa 13 tun yana ƙasa bai hau ko'ina ba, kafin a ƙara abin da zai leƙo waje ya kare bango daga ruwa. Toh katako a kasuwa galibi ƙafa 12 yake zuwa, kenan tun a takarda ya san dole a yi haɗi, ya san guda nawa za a sayo, ya kuma san haɗin ba a tsakiyar fili ake barinsa yana lilo ba, sai inda akwai abin da ya tokare shi daga ƙasa. Ogan da bai yi makaranta ba shi ma zai kai ga wannan amsar, amma da igiya da gwaji da ido, kuma sau da yawa da asarar katako biyu uku ko kuma a aika yaro ya koma 'Yan Katako ƙaro guda goma ana tsakiyar aiki. Dabarar nan ta auna 3 a nan 4 a can a ga ko tsakaninsu ya ba da 5 dan a tabbatar kwana ta miƙe, tsofaffin kafintoci da magina duk sun santa, bambancin shi ne ɗan makaranta ya san dalilin da ya sa take aiki dan haka zai iya juya ta ta yi masa wani aikin.

Sai karatun zane. Injiniya da mai zanen gida da milimita suke rubutu, kasuwa kuma da inci da ƙafa take magana, abin da takarda ta kira 50 x 100 shi ne tu-bai-fo a kasuwar katako ta Na'ibawa a Kano. Kafintan da bai iya wannan fassarar ba har abada sai dai a tsaya a kansa a nuna masa, ba zai karɓi aikin kamfani da kansa ba. Haka wajen falankin filawud ko MDF, wato na garin katako da aka matse, mai ƙafa 4 da 8, wanda ya iya zama ya tsara yadda za a yanka wadirof a takarda kafin a kai wajen inji yana iya tsira da falanki guda cur, kuma a tsadar kayan yanzu wannan falankin shi ne ribar aikin.

Na uku kiyaye lafiya. Duk wanda ya san layin masu injin tsaga katako ya san mutum nawa ne yatsunsu ba su cika goma ba, ga faɗowa daga rufi, ga ƙurar MDF da ake shaƙa ba takunkumi. A shago ana koyon wannan ne bayan abu ya faru.

Abin da sai a shago

Ɗanyen katako da busasshe a allo duk sunansu ɗaya. Oga kuwa ɗagawa kawai zai yi ya ji nauyin, ya ƙwanƙwasa, ya duba bakin yankan ya ce wannan jiya aka sauke shi daga mota bai sha iska ba. Ƙofar da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Agusta, kafin hunturu ya wuce ta ja jiki ta buɗe baki har kana hango tsakar gida ta tsagar, wadda kuma aka yi ta cif-cif a Janairu ba a bar mata wurin numfashi ba da damina ta sauka sai ta kumbura sai an sa kafaɗa. Sanin wane ne afara wane ne maɗaci wane ne malaina, wanne gara ke ci kamar tuwo wanne take tsoro, wane dila ne tu-bai-fo ɗinsa bai cika ba, duk wannan a kasuwa ake koyonsa da kuɗin mutum.

Akwai sauri. A makaranta ɗalibi zai iya kwashe sati yana gyara haɗi ɗaya dan a ba shi maki, a shago kuwa biki saura kwana tara uwar amarya tana zuwa safe da yamma. Akwai yanka farashi, da karɓar kafin alƙalami, da yadda ake bin bashi ba a ɓata da mutum ba, da yadda ake ba mai gida haƙuri in ya ce a rage katako kai kuma ka san in an rage iskar farkon damina za ta yaye rufin, dan galibin rufin da ke tashi ba kwanon ne matsalar ba, ɗaurin katakon da jikin ginin ne aka yi wa ha'inci, aka tsallake langa-langa ko rodin da ya kamata ya riƙe shi. Uwa uba kuma jama'a. Kafinta ba ya samun aiki da takarda a unguwa, oga ne ke cewa je ka yi wancan ƙaramin aikin, daga nan a san fuskarsa.

Sai dai a faɗi gaskiya shagon ma yana da tasa ɓarnar lokacin. Shekarar farko ta yaron shago yawanci a shara take ƙarewa da aike da miƙar da tsofaffin ƙusoshi da goga samfefa, wani ogan kuma da gangan yake ɓoye awo da yanka, wato zuciyar sana'ar, sai yaro ya shekara uku ana ba shi yankakke yana bugawa kawai. Kuma duk kuskuren da oga ya gada shi zai gadar.

Me kowane ɓangare ke cewa?

Hujjar gwamnati da hukumomin ilimin fasaha ita ce ƙasar tana da tulin masu digiri babu aiki alhali a manyan gine-ginen Abuja da Legas 'yan Togo da Benin ake nema wajen aikin gamawa, kuma ba za a iya gyara wannan ba sai an sa ma'auni guda da shaida da kowa zai yarda da ita, har wanda zai fita waje aiki ya samu abin nunawa.

Masu shaguna da yawa suna kallon abin da shakka. Ƙorafinsu shi ne ɗan makaranta ya san sunan komai da Turanci amma hannunsa bai faɗa ba, ga shi ba ya son shara ba ya son aike yana ganin ya wuce nan, kuma wata shida ko ƙofa mai kyau ba ta isa a iya ba balle rufi. Suna kuma tambayar wa zai koyar, dan malamin da ya karanta aikin katako a takarda bai taɓa karɓar kwangila ba ba zai ba da abin da ba shi da shi ba. Kashi 80 na aikin hannu kuma katako yake ci da gam da ƙusa da man janareto kullum, ba abu ne da ake saya sau ɗaya a ɗauki hoto ba.

Iyaye nasu tsoron daban ne, kada a rufe wa yaro ƙofar jami'a. A nan amsar a fili take, sakamakon NABTEB ana karɓarsa wajen neman gurbin gaba da sakandare kamar WAEC da NECO matuƙar an samu kiredit ɗin da kos ɗin ke buƙata har da Turanci da lissafi, sai dai darussan da yaro ya ɗauka su ne za su iyakance irin kos ɗin da zai iya nema, wanda ya yi katako hanyarsa ta fi miƙewa zuwa fannin gini da koyar da fasaha.

Akwai kuma ra'ayi na huɗu da ba a cika jinsa ba, masu cewa tunda mafi yawan kafintocin ƙasar nan a shago aka yi su kuma a nan za a ci gaba da yinsu, kamata ya yi kuɗin ya bi yaran zuwa shagon, a horar da ogannin, yaro yana wajen maigidansa amma yana zuwa aji wasu ranaku. Jamhuriyar Benin ta bi irin wannan hanyar da shaidar da suke kira CQP. Masu sukar wannan kuma suna cewa sa ido a kan dubban shaguna ya fi wuya nesa a kan sa ido a kan makarantu, kuma nan ne sunayen bogi ke shiga.

Inda gibin yake

A Bavariya shekarar makaranta ana cire ta daga shekarun koyo. A nan babu abin da ya tilasta wa oga ya rage wa yaro ko wata ɗaya saboda ya zo da NTC ko shaidar wata shida, in ya ga dama ya miƙa masa tsintsiya kamar kowa. Babu kuma tsayayyen tsarin da ya ɗora wa kamfanonin gini ɗaukar masu koyo da albashi, duk da kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu ga ITF domin horo. Toh sai ya zama an ɗauko rabin farko na tsarin, wato kwalejin, rabi na biyun kuma an bar wa yaro da ubansa su nema da kansu. Kayan fara aiki da ake alkawari suna nuna kamar ana sa ran yaro ya buɗe nasa kai tsaye, alhali jakar hama da zarto da tef ba ta buɗe shago, ga haya ga jari ga wanda zai yarda ya ba sabon hannu katakon dubban ɗaruruwa, shi ya sa a shirye-shiryen tallafi na baya aka sha ganin irin waɗannan kayan a kasuwa.

Ita ma sana'ar tana sauya kama. Manyan gine-gine sun fara komawa rufin ƙarfe, taga ta koma alminiyom, ƙofar waje ta koma ta ƙarfe 'yar China ko Turkiyya, kayan ɗaki da kabinet ɗin kicin sun koma MDF da HDF da inji ke yankawa ya liƙe baki. Kwalejin da ke da waɗannan injunan da wutar tada su za ta ba yaro abin da ƙaramin shago ba zai ba shi ba. Wadda ba ta da su kuwa za ta koya masa aikin da kasuwarsa ke raguwa.

Yadda zai shafi mutane

Ga yaro ɗan shekara 14 ko 15 da ya gama JSS3, hanyar shekara uku ba ta hana shi komai, zai fito da takardar sakandare da tushen sana'a, kuma a garuruwanmu abu ne da aka saba yaro ya je makaranta da safe ya wuce shago da yamma ko ranakun hutu, wanda ya haɗa biyun shi ne ya cike gibin da kansa. Ga matashi ɗan 25 da ya gama sakandare ko ma difloma yana zaune, wata shida ko shekara ɗaya za ta rage masa zaman shara a shago in ya samu ogan da ya yarda ya gwada hannunsa, amma ya sa a ransa akwai sauran aƙalla shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin wani. Ɗimbin yaran da suka cika shagunan kafinta yanzu, waɗanda ba su gama firamare ba ko almajirai ne, hanyar kwaleji ba tasu ba ce tunda tana neman takardar JSS3, abin da zai amfane su shi ne gwajin NSQ ko tired tes in an kawo shi kusa kuma kuɗinsa bai fi ƙarfinsu ba. Mata kuma ɓangaren kayan ɗaki da kushin da fenti ya fi buɗe musu a makaranta fiye da a shagon kan titi, inda da wuya uba ya kai 'yarsa.

Ga oga, yaron da ya iya lissafi da zane riba ce in ya iya riƙe shi, dan shi ne zai rubuta masa kotashin, wato kiyasin kuɗin aiki, ya karanta masa zanen da a da yake mayarwa, amma irin wannan yaron ba zai zauna shekara biyar a kan kuɗin abinci ba. Ga mai gini ko uban amarya, ba a sa ran aiki ya yi araha, abin da zai iya sauyawa shi ne a samu wanda zai rubuto adadin katako daidai tun farko.

Uban da ke shirin kai ɗansa, ziyara ɗaya zuwa makarantar a ranar karatu za ta gaya masa fiye da abin da fom zai gaya masa: ya nemi a kai shi wokshof ɗin katako, ya duba ko akwai garin katako a ƙasa ko share yake tas, ya ga benci nawa ne ɗalibi nawa ne, ya tambaya yaushe rabon da a tada injin, wane shago ko kamfani suke tura ɗalibai aikin gwaji. In kuma an zo kai yaron wajen oga bayan ya gama, a zauna da shaidu a yanke shekara nawa zai yi, daga wane aiki zai fara, nawa za a riƙa ba shi, yaushe za a yaye shi, a rubuta kowa ya riƙe kofi.